Kunyoyin da Garma Ta Bari: Yadda Ake Gano Iyakokin Tsofaffin Gonaki a Karkarar Ingila

Wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Landan zuwa Lesta da hantsin hunturu, in ya dace da kujerar bakin taga, zai ga wani abu daga wajejen Market Harborough zuwa gaba. Filayen kiwo ne kore shar, tumaki a warwatse, amma ƙasar ba a shimfiɗe take ba. Ta yi tozo-tozo a jere, kamar an kwantar da kwanon rufi an lulluɓe shi da ciyawa. Ranar da na fara gani, idona ya ce huɗa ce, hankalina ya ƙi yarda, domin kunya ɗaya ta fi zauren gidanmu faɗi. Na ɗauki hoto na tura gida. Da daddare Baba ya kira, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai, wace irin garma ce ta yi wannan aiki? Kuma ina masu gonar suka tafi suka bar ta haka?"

Na daɗe ina bin amsar tambayoyin nan biyu, da ƙafa da taswira da tambayar waɗanda suka sani. Abin da na tara shi zan shimfiɗa a nan daki-daki, don ɗan'uwan da karatu ko aiki ya kai shi Ingila, har da wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi, tunda rabin aikin da waya ake yin sa, ba sai da biza ba.

Mataki na farko: san yadda aka yi gonar

Ba a bin sawun dabbar da ba a san tafiyarta ba. Tsakanin ƙarni na 9 da na 12, ƙauyukan tsakiyar Ingila, a wata doguwar ɗamara da ta taso daga Dorset ta ratsa tsakiyar ƙasar ta kai Yorkshire, suka zauna a kan tsari ɗaya. Gidaje a dunƙule kusa da coci, ƙasar noma ta kewaye su, an raba ta manyan filaye biyu ko uku, babu shinge a cikinsu. Fili ɗaya a shuka alkama kafin sanyi ya shigo, na biyu sha'ir ko wake bayan sanyi ya wuce, na uku a bar shi saura dabbobin gari su yi kiwo su zuba taki. Baɗi a juya.

Kowane fili an yanka shi rukuni-rukuni, kowane rukuni an tsaga shi ziri-ziri. Manomi ba shi da gona guda a dunƙule. Ziri nan, ziri can, wani sa'in gommai, a warwatse cikin duk filayen, don kowa ya taɓa tudu ya taɓa fadama.

Garmarsu ta katako ce mai bakin ƙarfe, mai fiffike ɗaya da ke kifar da ƙasa gefen dama kawai. A nan ta saɓa da garmar shanun da muka sani, wadda ke watsa ƙasa dama da hagu. Ƙasar yankin laka ce mai danƙo, sai da shanu har takwas, biyu-biyu a karkiya, kuma tunda ba kowa ke da takwas ba, maƙwabta ke haɗawa. Mai huɗa ya fara daga tsakiyar zirinsa, ya kai ƙarshe, ya juyo ta hannun dama ya dawo ta ɗaya gefen, yana zagaye yana buɗewa waje. Zuwa da dawowa duk ƙasa tsakiya take faɗawa. Shekara bayan shekara a wuri ɗaya, tsakiya ta tashi, gefe ya zurfafa. Maƙwabci ma haka yake yi wa nasa, sai kwari ya fito tsakaninsu. Kwarin nan yana janye ruwa daga lakar, kuma shi ne iyaka.

Wannan ne abin da ya kamata ɗan manomin ƙasarmu ya riƙe gam, don a nan idonsa zai taimake shi, a nan kuma zai iya ruɗarsa. A wurinmu kunya layi ɗaya ce cikin gona, kowace damina a rushe ta a sake. A can kunyar ita ce gonar. In ka tsaya ka ƙirga kunya ashirin, galibi rabon mutane daban-daban ka ƙirga, sai dai inda mai hali ya haɗa biyu ko uku a jere.

Amsar tambayar Baba ta biyu kuwa mai ɗaci ce. Daga 1086, lokacin da aka yi babban ƙidayar ƙasa da dukiya ta Domesday, zuwa 1300, mutanen Ingila sun ninka fiye da sau biyu, har aka hau tsaunuka da garma. Sai yunwar 1315 zuwa 1317, sai annobar 1348 da 1349 da ta kwashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin jama'a. A lissafin tarihin Kano, shekarar 1349 ce Yaji ya hau gadon sarauta, don mai karatu ya san zamanin da ake magana. Hannu ya yi ƙaranci, ulu na kawo kuɗi, masu ƙasa suka ga makiyayi ɗaya da karensa sun fi ƙauye guda na manoma arha. Aka mayar da gonaki makiyaya, wasu wuraren har da tashin mutane. Filayen da suka tsira daga wannan, dokokin killace ƙasa na majalisa, masu haɗe ziri-ziri a mayar da su gonaki a dunƙule da shinge, suka bi su, mafi yawa tsakanin 1750 da 1850. Duk inda ciyawa ta rufe ba a ƙara sa garma ba, kunyar ta daskare yadda aka bar ta.

Saboda haka ka kiyaye harshenka wajen faɗin shekaru. Tozon da kake gani na huɗar ƙarshe ne, wadda ka iya zama ta 1400, ka iya zama ta 1770. Tsarin rabon ne tsoho.

Mataki na biyu: fara daga ɗaki

Kada ka sa takalmi tukuna. Zaɓi ƙauye ɗaya, kada ka ɗauki gunduma. Yankunan Leicestershire da Northamptonshire da Warwickshire su ne suka fi sauƙi ga mai koyo.

Buɗe shafin taswirori na Babban Ɗakin Karatu na Sikotland. Duk da sunansa, yana da tsofaffin taswirorin Ingila na Ordnance Survey, hukumar zana taswirorin Birtaniya, kyauta, kuma yana barin ka ka raba fuskar wayarka biyu: hagu taswirar ƙarshen ƙarni na 19, dama hoton tauraron ɗan'adam na yau. Duk inda ka matsar da ɗaya, ɗayar na bi. A tsohuwar taswirar ka lura da siffar gonaki. Masu kusurwa huɗu da layi miƙaƙƙe kamar an ja da rula, aikin masu awon killacewa ne. Dogaye sirara masu ɗan lanƙwasa, waɗannan su ake nema.

Sannan ka sauya ɓangaren dama zuwa hoton laida. Laida awo ne da jirgin sama ke yi: ya harba hasken lesa ƙasa, ya auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan a fitar da kowane tudu da kwari. Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta auna ƙasar da shi, tun asali don lissafin ambaliya, ta kuma saki bayanan kyauta. Iri biyu ne, mai itatuwa da rufin gidaje, da wanda aka aske su aka bar ƙasa tsirara. Na biyun kake so, shi ne aka rubuta wa DTM. Ranar da na fara buɗe shi a kan wani ƙauye da nake tsammanin na sani, na fi awa guda ban ɗaga kai ba. Ƙasar ta fito kamar kitso: wannan rukuni ya nufi gabas, na kusa da shi ya gitta arewa, wani ya kwanta a karkace don bin gangare. Har cikin daji, ƙarƙashin itatuwa, layukan na nan.

Akwai tarko ɗaya. Inuwar da ke hoton laida kwamfuta ce ta ƙirƙire ta, kamar an haska fitila daga gefe ɗaya. Kunyoyin da suka miƙe daidai da inda hasken ya fito ba sa yin inuwa, sai su ɓace. In ka ga fili fayau a tsakiyar filaye masu kunya, kada ka yanke hukunci sai ka duba wani hoton.

Na uku, hotunan da jiragen sojin saman Birtaniya suka ɗauka a shekarun 1940. Hukumar Historic England, mai kula da wuraren tarihi, ta sa da yawansu a intanet. Amfaninsu shi ne suna nuna kunyoyin da tarakta ta share daga baya, sai ka cike giɓin da laida ta bari.

Wanda yake can kuma yana da hali, ya je ofishin ajiyar takardun tarihi na gundumar ya nemi taswirar killacewa ta ƙauyen, da taswirar ushirin coci da aka zana bayan dokar 1836. Wani abu da ba a cika faɗa wa mai koyo ba: ƙauyuka da yawa na tsakiyar ƙasar ba su da taswirar ushiri, don an riga an warware zancen ushirinsu lokacin killacewa. In aka ce maka babu, ba ɓata ta yi ba. A takardun nan ka bi sunayen gonaki. Duk sunan da ke ɗauke da Furlong, ko Butts, ko Gore, ko Lands, tsohon rabon yake tunawa, kamar yadda sunan unguwa a garuruwanmu kan riƙe sana'ar da aka daina yi a cikinta.

Mataki na uku: zaɓi rana

Fitata ta farko a watan Yuni na yi ta, da tsakar rana. Na jingina da ƙyauren wani fili da laida ta nuna mini cike yake da kunya, ban ga komai ba sai ciyawa har gwiwa tana kaɗawa. Na koma gida raina a ɓace. A Janairu na dawo ƙyauren nan, rana ta ɗan ɗago, an kwana ana ruwa. Tumaki sun cinye ciyawar ƙarƙaf. Kowane kwari ya riƙe siririn ruwa yana ƙyalli, kowace kunya ta jefa inuwarta, tumakin kuma sun kwanta a jere a kan tozon, inda ya fi bushewa. Daga inda nake tsaye na ƙirga ashirin da uku.

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin. A tsakiyar Disamba, rana a tsakiyar Ingila ko da azahar ba ta wuce digiri 14 ko 15 daga ƙasa, ga ciyawa gajeriya. Ka tsaya inda haske zai gitta kunyoyin. In yana bin tsawonsu ba za ka ga inuwa ba. Safiyar da raɓa ta daskare tana da kyau, don tozo kan riga kwari narkewa. Dusar ƙanƙara 'yar kaɗan da iska ta share cikin kwari ta fi komai fito da zanen, mai yawa kuwa rufewa take. In dole sai da bazararsu za ka fita, ka bi tsiro: wajen Mayu wani fure rawaya kan cika tozon, kwari kuma ya yi duhun kore da ciyayi masu son ruwa.

Kayan tafiya kaɗan ne. Takalmin ruwa, taswirar Ordnance Survey mai ma'aunin 1:25,000 wadda ke nuna kowane shinge da hanyoyin ƙafa da koren layi, littafi, fensir don biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda, da sanda mai tsawon mita ɗaya. Kafin ka fita ka auna mita 20 a bakin titi ka taka, ka san takunka.

Mataki na huɗu: tsaya, taka, auna

Kada ka faɗa cikin fili kai tsaye. Tsaya a bakinsa minti biyar. Ina kunyoyin suka dosa? Galibi gangare suke bi daga sama zuwa ƙasa don ruwa ya sauka. Duk fuska ɗaya suke kallo, ko akwai inda suka sauya?

Sai awon faɗi. Kada ka auna kunya ɗaya. Fara daga tsakiyar kwari, gitta kunya goma, tsaya a tsakiyar kwari, raba takunka gida goma. A tsakiyar Ingila abin da za ka fi samu mita 7 zuwa 8 ne, wasu su ɗan gaza, wasu su zarce sosai. Tsayin tozon daga taƙi ɗaya zuwa gwiwa, nagartattu su wuce haka. Tsawon kuwa yakan yi kusa da abin da suke kira furlong, yadi 220, wato kamar mita 201, kuma asalin kalmar tsawon kwarin huɗa take nufi. Eka da muke awon gona da ita a gida daga nan ta fito: yadi 220 a tsaye, 22 a kwance, abin da ake ɗauka shanu za su huɗe a yini. Kunya mai mita 7 a faɗi da 200 a tsawo ta kai kusan sulusin eka. Amma kada ka tilasta wa ƙasa lissafi. Rafi da tudu ne suka yanke tsawon, ba igiyar awo ba.

Yanzu ka koma ƙarshen kunya ɗaya, ka tsuguna, ka bi ta da ido. In tsohuwa ce ba za ta miƙe sak ba. Can ƙarshe za ta karkata hagu. Ka je can ka waiwayo, wannan ƙarshen ma hagu ya karkata. Daga sama siffar kamar harafin S ce da aka duba a madubi. Dalilinta na cikin shanun. Shanu takwas biyu-biyu doguwar tawaga ce. Na gaba sun kai bakin gona tun garma na can baya. Don garmar ta kai ƙarshen layi, kuma a sami sararin juyowa dama, sai mai kora ya fara jan na gaba hagu tun kafin a iso. Shekaru ɗaruruwa na wannan karkatar suka lanƙwasa gonar kanta. Ni a wurina babu shaidar da ta kai wannan. Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar bijimai a bakin gona zai ji ta a kafaɗarsa.

Inda kunyoyin suka ƙare, nemi majuyar shanu. Doguwar kunya ce mai faɗi da ta gitta kawunan sauran. A nan ake juyawa, a nan ake kankare lakar da ta manne wa garma, sai wurin ya yi ta tashi har ya fi sauran tudu. Majuya ita ce iyakar rukuni, kuma ita ce ta fi jure wa tarakta. A gonar alkamar yau da aka baje sumul, sau da yawa za ka hango wani dogon kumburi mara tsayi ya ratsa ta. Tsohuwar majuya ce. Hanyoyin ƙafa da yawa a kanta suke tafiya, don tun da can ta nan ake bi zuwa gona ba tare da an taka shukar wani ba.

Inda rukuni biyu suka haɗu kai da kai babu majuya, za ka ga ƙullutai a jere. Inda suka haɗu a karkace, sai a sami 'yan gajerun kunyoyi masu tsini da aka cusa don kada kusurwa ta tafi a banza. Ka zana duka a littafinka: kibiya don fuskar kowane rukuni, layi mai kauri don majuya. In ka haɗa zanen filaye biyar ko shida, taswirar ƙauyen ta shekaru ɗari bakwai ta fara fitowa a hannunka.

Mataki na biyar: wa ya riga wa

Ƙa'idar ɗaya ce: abin da ya yanke wani, shi ne ƙane. In shinge ya miƙe sak ya hau kan kunyoyi, ka leƙa bayansa ka ga sun ci gaba yadda suke, to shingen baƙo ne. Irin wannan galibi ƙaya ce iri ɗaya mai farin fure, wadda aka dasa lokacin killacewa. Haka layin dogo, haka magudanar jiragen ruwa da aka haƙa a ƙarni na 18 da na 19. Kunya a cikin daji kuwa tana gaya maka gonar ta girmi itatuwan.

Akwai kuma inda shingen ya bi lanƙwasar kunyar sau da ƙafa. Wannan alama ce ta cewa maƙwabta sun yi musayar ziri a tsakaninsu, kowa ya haɗa nasa ya kewaye, tun kafin masu rula su zo. Ƙauyen Chelmorton a Derbyshire shi ne misalin da ake nunawa: katangun dutse sirara a jere bayan gidaje, kowace da lanƙwasarta. Ko kunyar ta baje, katangar ta riƙe iyakar. Titin ƙauye da ke karya kwana kamar gwiwar hannu ba gaira ba dalili, shi ma yawanci gefen rukunan da suka ɓace yake zagayewa. Iyakar ƙauye da ƙauye mai hawa-hawa kamar tsani, haka.

Za ka ji ana maganar dabarar masani Max Hooper ta gane shekarun shinge: a auna yadi 30 na shinge, a ƙirga irin itatuwan da ke ciki, kowane iri a ba shi shekara ɗari. Ka gwada, tana koya wa ido lura. Amma kada ka rataya hukunci a kanta, don mai dasa shinge na iya haɗa iri biyar rana ɗaya.

Gonakin gangare

A tsaunukan Dorset da Wiltshire da kwarurukan Yorkshire, sawun ya sauya kama. Maimakon tozo, dakali ne hawa-hawa a jikin tudu, dogaye, kowane da shimfiɗaɗɗen sama da gangaren goshi, wani goshin ya fi tsayin mutum. Wanda ya san dakalan dutse na Sukur ko tsaunukan Gwoza zai ce ginawa aka yi. Akasarin aikin garma ce ta yi: ana huɗa a gicciyen gangare, ƙasa na zamewa tana taruwa a gefen ƙasa na zirin, ana kuma rarake gefen sama. A kusa da Worth Matravers, bakin teku a Dorset, suna nan a fili ƙarara. Ka duba ƙarshensu. Na zamanin da muke magana a kai dogaye ne, bakinsu a buɗe, yana sulalewa ya haɗu da tudu don shanu su fita su juya. In ka ga ƙanana masu kusurwa huɗu a rufe ta ko'ina, waɗannan sun girme su nesa, tun kafin zuwan Rumawa ko a zamaninsu. Ƙananan matakala masu faɗin taku ɗaya a gangare mai tsauri kuwa, zamewar ƙasa ce da sawun tumaki.

Duk sanda na tsaya a irin wannan wuri, yunwa nake gani. Ba wanda zai hau da shanu nan sai wanda ƙasar kwari ta ƙare masa.

Masu kama da ba su ba

Kama da wane ba ta wane. Kunya miƙaƙƙiya sak, siririya, ƙasa da mita 5, wadda ta tsaya cak a jikin shingen yau ba ta tsallake shi ba, ta ƙarshen ƙarni na 18 ce ko na 19. Kunya a fadamar bakin kogi a Wiltshire ko Hampshire, mai 'yar magudana a kan tozonta, ta ban-ruwan ciyawa ce, daga ƙarni na 17 zuwa gaba. Tsohuwar gonar itatuwan marmari ma kan bar layuka. Gwaji uku ke raba gardama: faɗi, lanƙwasa, da yadda ta yi da shinge. In biyu suka saɓa, rubuta "ban tabbatar ba" a littafinka ka wuce.

In kunyoyin suka kai ka kufai

Wani lokaci za ka bi kunyoyi sai su tsaya a bakin wata 'yar ganuwa, bayanta ƙasa ta rikice da tudu da rami. Ka iso garin. An san kufan ƙauyuka wajen 3,000 a Ingila. Nemi hanya mai zurfi kamar busasshen rafi, wadda ƙafa da kofato da amalanke suka cinye; gefe da gefenta dakalai masu kusurwa huɗu inda gidaje suka zauna, bayan kowane da ɗan filin bayan gida. Wharram Percy a Yorkshire shi ne wanda aka fi bincika. Masana tarihi Maurice Beresford da John Hurst sun jagoranci tono a can daga 1950 zuwa 1990. Wajen 1500 aka tashi iyalan ƙarshe don kiwon tumaki, kangon cocin na tsaye har yau, kuma kowa na iya zuwa. Beresford ɗin nan ne ya ɗauki tsofaffin taswirori ya shiga fili da su, ya nuna kunyoyin da ke ƙasa sun dace da ziri-zirin da ke takarda.

A nan ɗan ƙasar Hausa ba baƙo ba ne. Yadda kuka da tsingaro ke tona asirin kufai a wurinmu, haka a can wata ciyawa mai ƙaiƙayi kan yi yawa inda mutane da dabbobi suka daɗe. Ka duba ƙasar da zomaye suka tono. Tsingaro da yawa wuri ɗaya, gida ne. Ɗaya nan ɗaya can a faɗin gona, gefensu ya siɗe, taki ne ya kawo su daga juji, kamar yadda jakuna ke fitar da takin birni zuwa gonakin kewayen Kano.

Mataki na ƙarshe: doka, da rubuta abin da ka gani

Gonar Ingila mai ita gare ta. Haƙƙinka hanyar ƙafa ce da taswira ta nuna. Barinta sai da izini. Na sha ƙwanƙwasa ƙofa in yi bayani, kuma mafi yawan manoman da na tarar sun ji daɗi, wani dattijo har ya zagaya da ni ya nuna mini inda majuya ta bi ta bayan rumbunsa. Ka bar ƙyaure yadda ka same shi. Saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta hanya da nisa. In ka dawo ka duba ƙafafunka saboda kaska, tasu na ɗauke da cuta. Kada ka tona komai. Wuraren da gwamnati ta yi wa rajistar kariya a ƙarƙashin dokar 1979, tono ko amfani da na'urar neman ƙarfe a cikinsu ba da izini ba laifi ne.

Ga kowane fili ka rubuta kwanan wata, lambar wurin daga taswira ko waya, fuskar kunyoyin, faɗinsu, ko akwai lanƙwasa, da abin da ya yanke su. Ka ɗauki hoto da sandarka kwance a gicciye, rana a gefenka. Kowace gunduma tana da rajistar wuraren tarihi, kuma ana iya bincika yawancinsu ta shafin Heritage Gateway. In naka ba ya ciki, ka aika musu. Ina nanata wannan don abin yana ƙarewa. Tun yaƙin duniya na biyu, da aka umarci manoma su huɗe makiyaya don abinci, ake ta share kunyoyin nan, kuma abin da ya shekara ɗari shida tarakta na baje shi cikin 'yan shekaru. Filin da aka rubuta shi ne ake iya tunawa da shi ranar da aka zo neman izinin gini.

In kana so ka gwada idonka a kan gona mai rai, ka je Laxton a Nottinghamshire. Har yau ana noma manyan filaye uku a can ziri-ziri babu shinge, ko da yake an haɗe zirin sun fi na da faɗi. Taswirar da Mark Pierce ya zana wa ƙauyen a 1635, mai nuna ziri sama da 2,000, tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Kowace shekara wajen ƙarshen Nuwamba, masu shari'ar gona daga cikin manoman ƙauyen kan fita su zagaya fili ɗaya, su kafa turakun katako a kan iyaka, wanda garmarsa ta ci hanya ko ta shiga ciyawar jama'a a rubuta sunansa, kotun ƙauyen ta ci shi tara. Ka fara daga cibiyar baƙi da ke tsakiyar gari ka ga taswirar filayen, sannan ka bi hanyar ƙafa zuwa Mill Field, ɗaya daga cikin filayen uku, littafinka a hannu.